Wadda Aka Ɗauke a Bakin Rafi

Ba don kallon hotuna na ɗauko Mama daga Dabai ba. Asibitin Zuru na kawo ta, saboda gwiwarta da ta kumbura tun lokacin girbin dawa ta ƙi saɓewa. Bazara ce, a shekarar da gari ya cika da hayaniyar zaɓe, ni kuma ina koyarwa a wata firamare a Rikoto. Mun isa da hantsi, aka duba ta, aka ce mai ba da magani ya fita, sai bayan azahar. Rumfar jira ta cika maƙil, kwanon rufin sai huci yake yi. Mama ba mai ƙorafi ba ce, amma na ga tana ta share wuya da bakin zane.

Sai na tuna da wani malamin tarihi da muke coci ɗaya da shi, yana koyarwa a sakandaren da ke kusa. Ran Lahadi ya tsaya bayan addu'a ya roƙi jama'a su leƙa ɗakin taron makarantarsu. Ya ce sun baje hotuna da kayan tarihin baƙar fata, domin an cika shekara ɗari biyu da Turawan Ingila suka yi dokar hana fataucin bayi ta teku. Ni abin da ya ja ni shi ne na san ɗakin yana da silin da manyan tagogi. Na tsayar mana da kabu-kabu, babur ɗin haya.

"Ina kuma za mu?" in ji Mama.

"Inda za ki sha iska, Mama."

Da yarenmu, C'lela, muke magana ni da ita. Hausarta ta bariki ce, ta tsince ta a shekarun da ta yi tana bin mahaifina soja gari-gari, kuma ba ta fito da ita sai a kasuwa ko a gaban baƙo.

Nunin ba wani na a-zo-a-gani ba ne. Hotuna ne aka yanko daga tsofaffin kalanda da mujallu, wasu an kwafe su a inji har fuskokin sun dusashe, aka manna a kwali aka rataye da igiya bango zuwa bango. A ƙarƙashin kowanne an rubuta bayani da Turanci. Mutane ba su da yawa. Na nuna wa Mama benci kusa da taga, amma ba ta zauna ba. Ta dogara sandarta ta nufi kwali na farko.

Zanen cikin jirgin ruwa ne, an jera wasu ƙananan abubuwa baƙaƙe layi-layi, ba ko masaka tsinke.

"Kifi ne aka shanya?"

"Mutane ne, Mama. Haka ake kwantar da su a cikin jirgi, a ɗaure, har a ƙetare teku."

Ta matso da fuskarta. Ta ɗaga yatsa kamar za ta taɓa, ta fasa.

"To in mutum ya ji fitsari fa?"



Muka ci gaba a hankali, ina karantawa ina juya mata. Ga mutane a gonar auduga da buhuna a wuya. Ga wani mutum ya juya baya, bulala ta mayar da fatarsa kamar kunyar gona. Nan ta kau da kai. Da muka iso hotunan mata kuwa, sai ta tsaya cak. Wata tsohuwa ce zaune a ƙofar bukkar katako, da ɗankwali, hannuwanta a kan cinya.

"Duba mini wannan, idona ba ya kaiwa. Akwai tsaga a goshinta?"

Na duba. "Babu, Mama."

"Waccan fa, mai riƙe da yaro?"

Ita ma babu. Haka ta sa na bi matan nan ɗaya bayan ɗaya. Sai a lokacin na fahimci neman wani take yi.

Na san tun ina yarinya cewa kakar Mama tana da ƙanwa da ta ɓace, amma a gidanmu iyakar zancen ke nan. A tsaye a gaban kwalin nan Mama ta ba ni sauran. Ta ce a wancan zamani mutanenmu a kan dutse suke zaune, ba a saukowa sai don gona ko ruwa, shi ma sai maza sun riga sun duba hanya da kwari da baka. Wata shekara ruwan kan dutse ya ƙafe da wuri. Kaka, tana budurwa ba a kai ta ɗaki ba, ta sauka rafi da ƙanwarta. Ta cika tulunta ta fara hawa. Ƙanwar ta tsaya ɗaukar gammonta da ya faɗa ruwa. Sai ga dawakai. Kaka ta saki tulu ta shige tsakanin duwatsu, tana ji yarinyar tana kiran sunanta, tana kira, har muryar ta yi nisa.

Daga baya wani falke ya gaya wa mahaifinsu cewa duk waɗanda aka kama a shekarar an gangara da su babban ruwa, an zuba su a jirgin Turawa, kuma wanda ya shiga jirgin nan ba ya dawowa. Sai aka yi mata makoki kamar ta mutu. Kaka ta yi aure, ta haihu, ta ga jikoki, amma har ta koma ga Allah ba ta sake ɗiban ruwa a rafin nan ba. Ko da kowa ya sauko daga dutse aka yi gidaje a ƙasa, gara ta yi doguwar tafiya zuwa wata rijiya.

"Ni na kwana a ɗakinta har na yi wayo," in ji Mama. "Takan ce, ko ina ruwan nan ya kai ta? Ashe nan ne."

Muka ƙarasa bangon ƙarshe, inda aka manna hotunan bayan 'yanci: mutane cikin kwat suna maci, wasu 'yan mata da rigar kammala jami'a, wata likita da abin awo a wuya. Fuskar Mama ta saki. Ta daɗe tana kallon likitar.

"Kin gani, sun yi karatu. Wa ya sani ko jikokinta ne."

A daidai nan malamin ya hango mu. Ya zo da sauri ya rusuna ya gaishe ta da yarenmu, yana ta murna an kawo masa tsohuwa. Ni ce na ba shi labarin a taƙaice. Idonsa ya yi haske irin na mai son aikinsa. Ya tambaye ta ko ta san lokacin da abin ya faru. Ta ce Kaka ta ce ba a daɗe ba bayan haka Turawa suka iso da bindigoginsu.

"Ai kuwa, Mama, in haka ne ba ta shiga jirgi ba," in ji shi. "Lokacin jiragen sun daɗe da dainawa."

Na yi masa ido, bai gani ba. Ya riga ya juya wajen wata taswira da ya zana da hannunsa, yana nunawa da biro. Ya ce waɗanda aka kama a duwatsunmu a ƙarshen zamanin nan akasarinsu ba su bar ƙasar ba. Wasu an yi kudu da su, wajen Kontagora da Bida, wasu an yi arewa, aka sayar da su suna noma ko aikin gida. Da yarenmu yake bayanin, ba ta bakina zai bi ba balle in rage masa kaifi.

"Kontagora?" in ji Mama. "Wadda muke tsayawa mu sayi doya in za mu Kaduna?"

"Ita, Mama."

"Na kwana a tashar garin nan da goyo a bayana." Ta dube ni. "Ke ce goyon."

Malamin ya sauke biro. Ina jin sai a lokacin ya ga abin da ya faru.

"To da aka ce an hana bauta, me ya sa ba ta dawo ba?" in ji Mama.

Ya amsa a hankali. Ya ce wasu sun dawo, da yawa ba su dawo ba. Wata an ɗauke ta tana ƙarama ba ta san hanya ba. Wata ta riga ta haihu a can, ba za a ba ta 'ya'yan ba, ita kuma ba za ta tafi ta bar su ba.

Mama ta gyaɗa kai. "Mu kuma ba wanda ya je. Muna nan muna cewa teku."

Sai ta nemi bencin da kanta ta zauna, ta ajiye sandar a ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Malamin ya tsaya yana murza hannu, ya ce in yi haƙuri, na ce ba komai, gaskiya ya faɗa. Ya je ya kawo mata ruwa a kofi, ta karɓa ta riƙe ba ta sha ba.

Kusa da bencin akwai tebur da aka shimfiɗa wa farin ƙyalle. A kansa an ajiye mari guda biyu na ƙarfe, irin wanda ake sa wa mutum a ƙafa, tsatsa ta cinye su, wai wani manomi ne ya tono su a gonarsa. Tun shigowarmu na lura da wani dattijo Bahaushe a tsaye a wurin, da farar riga da ta sha wanki da carbi a hannu. Da malamin ya matsa, sai ya tako ya yi sallama.

"Malama, ki gahwarce ni. Ban jin abin da kuke hwaɗi, amma na ga tsohuwa ta shiga damuwa. Lahiya dai?"

Harshensa na mutanen yamma ne, wajen Jega. Na ce masa lafiya, Baba, wani tsohon zance ne ya taso. Na gaya masa kaɗan. Ya ja carbi, sannan ya waiga ya ga ba kowa kusa, ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin.

Ya ce shi fataucin dawa yake yi, ya daɗe yana zuwa kasuwar Zuru. Yau ya ji ana zancen nunin a rumfar mai shayi, ya ce bari ya leƙo. Ya ce kakarsa, wadda ta haifi ubansa, tana da zane a jiki tun daga wuya har cibiya, haƙoranta na gaba a fiƙe, in za ta yi dariya sai ta rufe baki da hannu. Tana salla, tana azumi, sunan Hausa gare ta. Ba ta taɓa faɗin garinsu ba, ba a kuma tambaya. A garinsu, in ji shi, in aka ce kakar wane baiwa ce, maganar aure ma tana iya lalacewa a kan haka. Ranar da ya fara sauka a tashar Zuru yana saurayi ya ji mata masu sayar da gyaɗa suna hira, nan take ya gane sautin bakin kakarsa. Amma bai taɓa gaya wa kowa ba, ko matarsa.

"Akwai wata waƙa da takan yi in ta goya yaro," in ji shi. "Ni ban san mi take nuhi ba. Na dai riƙe ta."

Ya sunkuyar da kai ya fara rerawa ƙasa-ƙasa. Kalmomin duk sun karye, sun zama kamar Hausar da ba Hausa ba, ni kaina ban tsinci komai ba. Amma Mama ta ɗago. Ta bar shi ya kai inda ya tsaya, sai ta ɗauka daga farko, da kalmomin daidai, da muryarta mai rawa, ta wuce inda ya tsaya ta kai ƙarshe. Waƙar raino ce da kowace uwa a duwatsunmu ta sani. Ni ma an yi mini ita.

Dattijon ya riƙe carbinsa da hannu biyu. "Inna, don Allah, mi take cewa?"

Mama ta juya ta fuskance shi, ta tattaro Hausarta ta bariki.

"Yana cewa, yi shiru, uwarka ya tafi gona. Yana zuwa kafin rana ya faɗi. Zai kawo maka gyaɗa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya cire hula ya rufe fuska da ita. Kafaɗunsa suna motsi. Da ya samu magana sai ya ce, "Ni duk zatona addu'a ce."

Mama ta bar shi ya natsu, sannan ta fara yi masa tambayoyi, ina taimaka mata inda Hausar ta ƙare. Ƙanwar Kaka tana da tabon wuta a bayan hannun hagu, ta faɗa murhu tana rarrafe. Ya yi tunani ya ce bai tuna da tabo ba, kuma ya sha cin abinci daga hannun nan. Ta ce ya kwatanta mata zanen goshin kakarsa. Ya zana da yatsa a kan benci. Ta sa ya sake. Sai ta girgiza kai.

"Ba namu ba ne. Wannan na mutanen wajen Ribah ne." Ta juyo gare ni ta faɗa da yarenmu, "Ba ita ba ce." Sai ta ƙara da Hausa don ya ji, "Amma shi ma akwai wanda ya jira shi a gida."

Aka kira azahar a masallacin makarantar. Ya miƙe, ya tambayi inda take zaune, na kwatanta masa. Muka koma asibiti muka karɓi magani.

Kwanakin da suka biyo baya Mama ba ta da walwala. Matar ƙanena da ke zaune da ita ta aiko mini cewa tuwo ma sai an matsa mata. Da na je ranar Asabar na same ta a gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa, ta amsa gaisuwata ba ta dube ni ba. Can ta ce, "Da kin bar ni a rumfar asibitin nan, zafi ne kawai zai dame ni." Na zauna na taya ta ɓara. Ta ce abin da ke cinta shi ne Kaka ta mutu tana ganin ba yadda za a yi, alhali tafiyar 'yan kwanaki ce a ƙafa. Maza nawa ne a gidan, in ji ta, da suka yi soja suka zaga duniya, suka bi ta Kontagora sau ba adadi.

Dattijon bai manta ba. Wata ranar kasuwa sai ga shi a Dabai a bayan kabu-kabu, da busasshen kifi a ƙunshe cikin takarda. Maƙwabta suka yi ta leƙe, me ya haɗa Alhaji da tsohuwar da ba ta fashin coci. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar mangwaro. Ba su yi wata doguwar hira ba, Hausarta ba ta da yawa, shi kuma ba ya jin tamu. Ya roƙe ta ta koya masa waƙar daidai, ta yi ta gyara masa baki tana dariya, karo na farko da aka ji dariyarta tun ranar. Daga nan duk sanda ya zo sayen dawa sai ya biyo. Ya daina ce mata Inna ya koma Yaya. Ita kuma ta aika aka sayo sabuwar buta, ta hana kowa taɓawa, tasa ce ta alwala.

Da aka yi hutun makaranta cikin damina, Mama ta ce in kai ta Kontagora. Na ce gwiwarta ba za ta ɗauki hanyar nan ba, ga ramuka ga ruwa. Ta ce in ba zan kai ta ba za ta nemi mai kai ta. Muka shiga mota da safe. Da muka sauka na tambaye ta ina za mu nufa, wa za mu tambaya. Ta ce kasuwa kawai. Wata mai sayar da manja ta ba ta kujera a bakin rumfarta, ta zauna, sanda a tsakanin gwiwoyi, tana kallon masu wucewa. Mata da tallan nono, mata da lulluɓi, 'yan mata suna dawowa daga Islamiyya, tsofaffi masu sayar da daddawa. Duk wadda ta gifta sai ta bi ta da ido har ta ɓace. Na sayo mata ƙosai, ya huce a cinyarta.

Da rana ta karkata na ce, "Mama, mota za ta tafi ta bar mu."

Ta miƙo hannu na ɗaga ta. "Kowa ya yi kama da ita," in ji ta. "Kuma ni ban taɓa ganin fuskarta ba."

A mota ta yi barci, kanta a kafaɗata, har muka shigo Zuru. Ba ta sake tayar da zancen ba.

Ta ƙara damina biyu a duniya. Kafin nan dattijon ya rage zuwa, ƙafa ta fara ba shi wahala shi ma, sai dai ya aiko da gaisuwa ta bakin direban babbar motar da ke ɗaukar masa dawa. Da Mama ta rasu, bayan an yi jana'iza baƙi sun watse, na je tasha na nemi direban na ba shi saƙo.

Da ya dawo wani zuwan, shi ya neme ni har makaranta. Ya ce ya isar. Ya samu tsohon a kwance, ba ya fita ko masallaci. Da ya ji, sai ya juya fuska bango ya yi ta hawaye, har 'ya'yansa suka tsorata. Sun biyo direban waje suna tambayarsa wace ce wannan mata ta Dabai da babansu yake yi wa kuka haka, shi kuma ya ce bai sani ba, amma zai tambayo.

"To, Malama, me zan ce musu?"

Ba ni ce zan buɗe abin da mutumin ya rufe tun yana saurayi ba. Na ce ya gaya musu su zauna kusa da babansu su tambaye shi da kansu, tun yana iya magana. Direban ya ce to, ya tafi. Ban sani ba ko sun tambaya.